Mai Sunan Alhaji

Bangon da ya raba ajina da na Malama Ramlatu bai kai rufi ba. Magina ne suka gaji ko bulo ne ya ƙare, oho, sun dai bar wajen kamu guda a sama. Saboda haka duk abin da ake yi a aji huɗu ina jin sa a aji uku, har atishawa. Shekarata tara ina koyarwa a firamaren ƙauyen nan da ke can bayan Fammar, ban taɓa jin aji ya ci zarafin malami irin yadda na ji a wancan zangon ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ramlatu 'yar cikin garin Rano ce, aure ne ya kawo ta. Ta auri Sadiƙ, autan Alhaji Shitu, dattijon da kusan rabin gonakin ƙauyen nasa ne, kuma shi ne shugaban kwamitin iyayen yara na makarantarmu. Ta yi karatun malanta, da takardarta a hannu, amma sai da ta shekara biyu tana roƙo kafin gidan su yarda ta fita aiki. Ko da aka yarda ɗin ma, uwar mijinta Hajiya Lubabatu cewa ta yi a bar ta ta ɗana, da ƙafarta za ta dawo. Ramlatu tana son aikin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ranar da aka ba ta aji huɗu, da tsintsiyarta ta zo daga gida.

To, a cikin yara saba'in da uku da aka damƙa mata akwai ɗan wan mijinta, maraya mai shekara goma sha ɗaya, wanda ya ci sunan kakansa. Ni ba surukina ba ne, don haka zan faɗa: Shitu. A gida Alhaji Ƙarami ake ce masa, shafaffe da mai ne, ko hararar sa ba a yi. Ramlatu kuwa matar ɗa ce, bakinta ba zai taɓa kama wannan sunan ba, ko a ɗaki ita kaɗai, balle a bainar jama'a. Kowa a ƙauyen ya san haka. Yaron ya fi kowa sani.

Ranar farko da ta kira rajista ina jin ta. Ta yi ta jero sunaye ana amsawa, can sai ta ɗan tsaya.

Ta ce, "Mai sunan Alhaji."

Shiru.

"Alhaji Ƙarami."

Sai na ji muryarsa daga benci na baya, a sake, kamar wanda ya ƙoshi. "Matar Baffa, babu mai wannan sunan a ajin nan. Ki duba takardar da kyau, ki karanto abin da aka rubuta."

Ajin ya kwashe da dariya. Ba Malama ma ya ce mata ba, Matar Baffa. Ta yi kamar ba ta ji ba ta wuce suna na gaba, amma ɓarnar ta riga ta auku. Yara ba sakarkaru ba ne. Tun daga wannan safiyar suka gane akwai mutum ɗaya a ajin da malamarsu ba ta da iko a kansa, suka koma bayansa suka laɓe.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Ramlatu ta iya aikinta. Ta fi ni iyawa, ba na jin kunyar faɗa. Ni bulala na sani da kamun kunne. Ita kuwa ta raba ajin rukuni shida, kowane rukuni da shugabansa. Ta dawo da ƙanana gaba. Ta koya musu in ta tafa sau biyu su tafa sau uku su naɗe hannu. Wallahi abin yana ci, sai ka ji aji ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Daidai lokacin Shitu zai fara kiɗa a kan benci, ko ya yi kukan akuya, ko ya fizge hular wani ya wurga ta taga.

In ta juyo daga allo ta ce, "Waye wannan?" sai yaran su haɗa baki.

"Malama kin gan shi ai! Faɗi sunansa!"

In ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kai, taso," sai ya waiga bayansa yana duban bango, ya ce, "Wa? Nan duk kai ne da ke." Ta taɓa kama hannunsa sau ɗaya ta fito da shi waje. A ranar Hajiya Lubabatu ta tare ta a tsakar gida, gaban matan gidan duka, ta ce wanda ya ja hannun Alhaji Ƙarami gemun Alhaji ya ja. Sadiƙ yana zaune yana cin tuwo, ko kai bai ɗaga ba.

Kafin sati huɗu aji huɗu ya koma tashar mota. Ni kaina sai na yi ihu 'yan ajina suke ji na.

Hedimastanmu Malam Zailani ya kira ta ofis, ni ma ina ciki ina neman alli. Mutumin nan tun ranar da ya ga takardar Ramlatu ta fi tasa ya ɗora mata karan tsana. Ya kishingiɗa a kujera yana sakace.

Ya ce, "Malama, an ce min a Rano kika yi karatu. Haka ake riƙe aji a can?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yaro ɗaya ne, kuma ka san dalili. Ina roƙon a mayar da shi wani ajin, ko mu yi musanya da Malama Afra'u, ta karɓi huɗu in karɓi uku."

Na ce na yarda, tun kafin ya tambaye ni.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya sa da ke? Jikan Alhaji zan ɗaga daga ajinsa don wata ta kasa? In je in ce wa Alhaji me? Aji kuma ba zane ba ne da za ku riƙa aron sa a junanku." Ya juya kanta. "Ki saurara. Daga nan zuwa jarrabawa, in ajin nan bai nutsu ba, zan rubuta wa ofishin ilimi cewa ba za ki iya ba. Ki koma gida ki yi daka."

Da muka fito idonta ya ciko amma ba ta bari ya zubo ba. Ni kuwa na cika na yi fam. A nan ne na ba ta shawarar da har gobe nake da-na-sanin ta.

Na ce, "Ke bakinki ne ba zai faɗa ba, ai akwai bakin wani. Naɗa monita. Ita za ta rubuta sunayen masu surutu, ta tashi ta karanto. Duk wanda aka kira ki turo min shi, ni ba abin da ya haɗa ni da gidanku."

Ta zaɓi Muhsina, wata 'yar siririyar yarinya daga wani ƙauye wajen Nariya, wadda take tafiyar kusan awa guda a ƙasa kullum kafin ta iso. Ita ce ta fi kowa kyan rubutu a ajin, kuma ba ta iya ƙarya ba. Ranar farko ta miƙe da takardarta, ta karanto sunaye biyar, na ƙarshe Shitu. An kira sunansa na gaskiya, ba shi da ta cewa. Ya shigo ajina yana taƙama, na sa shi tsallen kwaɗo daga ƙofa zuwa bishiyar darbejiya sau goma, na tsaya a kansa har ya gama. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba.

Hajiya Lubabatu ta aiko min da baƙar magana, na ce wa 'yar aiken ta gaishe ta. Kwana shida aji huɗu ya zauna lafiya. Ina jin Ramlatu tana koyar da rabawa, yara suna amsawa, har waƙar lissafi suka yi. Mu biyu muna ta murna, ba wadda ta tsaya ta tambayi kanta wa muka tura gaba. Yarinya 'yar shekara goma muka ɗora wa abin da babba ta kasa ɗauka.

Ranar Laraba aka kira sunansa karo na huɗu. Ya yi tsallensa ya koma aji. Da aka buga ƙararrawar tara yara suka watse, Ramlatu ta zagayo ƙofar ajina muna magana. Sai muka ji ihu. Muka ruga.

Muhsina tana maƙure a kusurwa, ta rufe kanta da hannuwa. Shitu yana tsaye a kanta da ƙafar wani karyayyen benci, ƙusa biyu sun leƙo a bakinta. Ya riga ya sauke mata ɗaya a dantse, hijabinta ya yage, jini yana bin hannun. Ya sake ɗagawa, wannan karon kai ya nufa. Yara sun cika ƙofa da tagogi, ba mai shiga, wasu har tsalle suke yi. Tsakaninmu da shi benci bakwai ne a jere.

Ramlatu ta ƙwala, "Kai! Mai sunan Alhaji! Ajiye!"

Ko gezau. Ya ma ƙara gyara tsayuwa.

"SHITU!"

Ban san tana da irin wannan muryar ba. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya juyo baki buɗe.

"Shitu, da kai nake. Ajiye katakon nan." Tana tafe tana ture benci da gwiwa. "Shitu, in ka sake ɗaga wa wani hannu a ajina, ni da kai ne."

Katakon ya faɗi. Yaron da ya addabi makaranta sama da wata guda ya tsaya cak, sai ga hawaye. Tunda aka haife shi ba a taɓa kiran sa haka daga bakin wani na gidansu ba. Ramlatu ta ɗaga Muhsina, muka wanke ciwon, na ɗauke ta a babur ɗin mai gadi zuwa ɗakin shan magani aka yi mata allura aka naɗe hannun.

Da na dawo na tarar da abin da ban taɓa ji ba: aji huɗu shiru, sai ƙarar alli. Na leƙa. Shitu yana benci na gaba, inda ta ajiye shi, yana kwafar aiki. Ramlatu tana rubutu a allo. Ta san abin da ta yi, kuma ta san yara saba'in ne suka ji.

Labarin ya riga ta isa gida. Washegari ba ta zo ba, ranar Juma'a ma haka. Ranar Asabar da hantsi na shirya na tafi gidan. Na yi sallama sau uku kafin wata ta amsa a daƙile. Hajiya Lubabatu tana zaune a kan tabarma tana gyaran zogale.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ina kwana."

Ta ce, "Ke ce mai sa jikana tsallen kwaɗo?"

"Ni ce, Hajiya. Jikanki ya fasa wa 'yar mutane hannu da ƙusa. Da Malama ba ta tsawatar ba, da yanzu wani zancen ake yi."

"Tsawatarwa? Sau uku! Sau uku ta kama sunan mai gidan nan, gatsal, gaban 'ya'yan talakawan da suke yi masa noma. Shekarata arba'in da shida a gidan nan, sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Ita daga zuwanta jiya? Abin da ake koya musu ke nan a birni?"

Na ce, "Hajiya, kan yarinya ya nufa."

Ta ce, "Da hannu ba ta da shi? Da ta riƙe shi."

Na so in tuna mata abin da ta faɗa ranar da aka riƙe shi ɗin, sai na haɗiye, don ba ni zan kwana a gidan ba.

Na sami Ramlatu a ɗakinta. Kwana uku ba wanda ya amsa gaisuwarta a gidan, abincin da ta dafa ma an dawo mata da shi ba a taɓa ba. Ta ce ta je ta durƙusa a ƙofar turakar Alhaji ta ba shi haƙuri. Ya bar ta a durƙushe har ya gama lazimi, sannan ya yi magana ba tare da ya dube ta ba. Ya ce shi ba shi aka kira ba, takwaransa aka kira, don haka takwaransa za a ba haƙuri, kuma a inda aka yi abin, gaban waɗanda suka ji. In ta yi haka ta ci gaba da aikinta. In ba za ta iya ba, ta zauna a gida, magana ta ƙare.

Na ce, "Sadiƙ fa? Me ya ce?"

"Ya ce minti ɗaya ne, in daure."

Na ce, "Kada ki yi. Wallahi kada ki yi. In kika yi, kin gama riƙe aji a garin nan."

Ta dube ni, idonta a bushe. "In ban yi ba fa, Afra'u? Ke kina da inda za ki je da safe. Ni shekara biyu na yi ina kallon bangon nan."

Na fito ina jin haushin kowa, har da kaina.

Ranar Litinin bayan an shiga aji sai ga su. Malam Zailani a gaba, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, sai wani ƙanen Alhaji da aka turo shaida, sai Ramlatu a baya. Na bar 'yan ajina na fito na tsaya a taga. Mutumin da ya ce zai kore ta don ta kasa tsawatar wa yaro, shi ne yau ya buɗe taro da cewa makaranta gidan tarbiyya ce, ba za a lamunci malami ya ci mutuncin manyan gari ba. Bai ambaci ƙusa ba. Muhsina tana zaune a gabansa da hannu a naɗe, ko kallon ta bai yi ba.

Ya ce, "Alhaji Ƙarami, taso nan."

Shitu ya fito. Da farko a tsorace yake, yana satar kallon Ramlatu. Da ya ga yadda manya suka tsaya, sai kafaɗunsa suka buɗe.

Ramlatu ta matso. Ta ce, "Ka yi haƙuri."

Ƙanen Alhaji ya ce, "Ba a ji ba. Kuma a tsaye ake ba Alhaji haƙuri?"

Sannan ta tattare zanenta ta rusuna, har gwiwarta ɗaya ta taɓa simintin da ita take sharewa kullum da safe.

"Alhaji Ƙarami, na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

Yaron ya dubi 'yan ajin, ya dube ta. Ya ce, "Ba komai, Matar Baffa. Kada ki ƙara."

Malam Zailani ya yi dariya ya ce yaro da wayo. Suka yi addu'a suka shafa, suka fita. A bakin ƙofa ya ce min, "Ke kuma daga yau ba ruwanki da 'yan aji huɗu. Kowa ya riƙe nasa."

Ban kai ga komawa ajina ba na ji an fara kiɗa a benci. Wannan karon ba daga baya kaɗai ba ne. Ramlatu ta tafa sau biyu. Wani ya yi kukan akuya, aka fashe da dariya. Ta sake tafawa. Yaran da sati ɗaya da ya wuce suke rige-rigen ɗaukar mata jaka, su ne suke cewa, "Malama, mu ma ki ba mu haƙuri!" Haka aka yi har aka tashi. Malam Zailani bai leƙo ba, kuma bai ƙara zancen rubuta wa ofis ba. Ya sami abin da yake so.

Washegari da safe ina cikin kiran rajista na ga mutum a ƙofa. Ramlatu ce, ta riƙo Muhsina da hannun da ba ciwo, ɗaya hannun nata ɗauke da jakar yarinyar. Na fito.

Ta ce, "Ki karɓe ta."

Na ce, "In karɓe ta ina? Nan aji uku ne. Yarinyar da ta fi kowa a ajinki?"

"Jiya a hanya mai sunan Alhaji ya ce mata an yi hannu, saura kai. Babanta ya ce in aka ƙara taɓa ta ta bar makarantar ke nan. Na yi magana da shi, ya yarda ta maimaita shekara a wajenki." Ta miƙo min jakar. "Ba zan iya tsare ta ba, Afra'u. In ya tashi yau, ba ni da abin da zan ce masa."

Muhsina ta ɗaga kai ta ce, "Malama, ni ban yi laifi ba fa."

Ramlatu ta ce, "Na sani."

Ta saki hannunta. Na matsar da yara biyu a benci na gaba na zaunar da ita, cikin ƙannenta, gaban darasin da ta wuce tun bara. Ramlatu ta tsaya har ta ga ta zauna, sannan ta gyara mayafinta ta juya ta shiga aji huɗu, inda tuni aka fara jifa da takalma.